Kuyya Bakwai a Gonar Kwari

A shekarar da ciwon bushiya ya faɗa wa shanu na fara rubutu kullum. Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Gummi lokacin nan bai manta da ita ba. Tun kafin bazara ta yi nisa labari ya riƙa zuwa daga wajen Anka cewa garke kaza ya ƙare, ruga kaza an tashi an bar turaku. Ba a jima ba muka daina jin labari, muka koma gani da ido. In ka bi hanyar gulbi da hantsi sai ka toshe hanci. Ungulaye sun ƙoshi har ba su tashi in mutum ya matso, sai dai su ɗan ja gefe su ba shi hanya.

Cikin wannan zafi Baba ya faɗi. Yana alwalar azahar a ƙofar zaure, buta ta suɓuce masa, ya bi ta ƙasa. Da muka ɗaga shi bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa na dama ya saki. Magana ta tafi, sai kalma ɗaya ko biyu da yake fizgowa da kyar. Ni ne babban ɗansa, ƙanena kuma ya tafi cin rani kudu bai dawo ba. Jinya da gona duk suka hau kanmu, ni da Inna, matata tana fama da girki da yara.

Zuwanmu na biyu asibitin Gummi, malamin da ke duba shi ya jero mini tambayoyi. Me ya ci shekaranjiya? Sau nawa ya yi fitsari jiya? Yaushe wannan ƙafa ta fara kumburi? Na dubi Inna, ta dube ni. Kwanakin duk sun cakuɗe mana, ba mu san wanne ya riga wanne ba.

Ya ce, "Malam, kana rubutu?"

Na ce, "Ajami kawai."

"Ni ba na karanta shi, amma kunnena lafiya lau. Ka riƙa rubutawa, in kun zo ka karanta mini."

A kasuwa na sayi littafin 'yan firamare mai layi-layi. Na juya shi na fara daga bangon baya, yadda hannuna ya saba. Tawada na haɗa da kaina da baƙin tukunya da ƙaro, alƙalami kuma na fiƙe daga karan gambar da ke iyakar gonarmu. Takardar ba ta da kauri, tawada tana ɓullowa ta baya, sai na riƙa rubutu a fuska ɗaya. Kwana biyu littafin yana ajiye ban taɓa shi ba. Har lokacin ban taɓa rubuta komai ba sai karatun allo da wasiƙun mutane, kuma na ga kamar rashin ladabi ne in ɗauki haruffan da aka koya mini don addini in rubuta fitsari da su. Daga baya na ce a raina jinyar mahaifi ma ibada ce. Na dai yanke shawara ɗaya: bisimilla da baki zan riƙa yi, ba zan sa ta a takarda ba, don littafi ne da za a riƙa ajiyewa kusa da shimfiɗar mara lafiya.

Ga irin abin da ke shafukan farko:

"Talata. Kunu ƙaramin ludayi shida. An juya shi sau huɗu. Inna ta shafa masa man kaɗe a ƙugu. Ya yi taimama da hannun hagu, na riƙe masa dutsen. Hadari ya haɗu gabas, iska ta watsa shi."

Bayan la'asar nake rubutun, a gindin darbejiyar tsakar gida inda muke fito da Baba ya sha iska. Na lura yana bin alƙalamin da ido, sai na fara karanta masa abin da na rubuta. Zancen kunu da juyi ba ya damunsa, amma da na ambaci hadari sai ya ɗago gira. Ta haka gona ta shigo littafin. Mutumin da ya yi shekara sittin yana noma, ga shi kwance yana jin damina ta bakin ɗansa.

Inna ba ta kiran sunana, kasancewata ɗan fari. Takan leƙo daga madafa ta ce, "Kai wanga, in ka gama rubuta tarin tsohon naka, rubuta cewa gishiri ya ƙare. Ko shi ba ya shiga littafi?"

Ruwan shuka ya sauka cikin azumi. Gonaki biyu gare mu, ta tudu a bayan gari, da ta kwari wadda ke gangarawa wajen fadama. Da yake ni kaɗai ne, dole in san kuyya, wato kunyar noma, nawa zan iya nomewa kafin rana ta take, in koma gida in juya Baba. Wannan ya sa ran da na gama huɗar gonar kwari na bi ta ina ƙidaya kuyyoyin, abin da ban taɓa yi ba tun da nake. Da la'asar na rubuta, na karanta masa: "An gama huɗar gonar kwari. Kuyya arba'in da bakwai."

Baba ya bugi tabarma da hannun hagu. Na ɗauka ƙuda ne. Ya sake bugawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya yi ta kokawa da harshensa har kalma ta fito.

"Arba'in."

Na ce, "Baba, da bakwai. Sau biyu na ƙidaya."

"Arba'in," ya sake cewa, sai hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Ranar bai buɗe baki ya karɓi kunun yamma ba.

Washegari da safe na sami Inna tana wanke zanen shimfiɗarsa a bayan ɗaki. Ba ta ɗago ba ta ce, "Arba'in kakanka yab bar mai. Kanyar nan da kake hutawa ƙarƙashinta, ita ta iyaka. Daga ita zuwa gangare rabon Gwaggonka na."

Gwaggo ƙanwar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Aure ya kai ta wani ƙauye gaba da Bukkuyum tun ina ƙarami, ta bar rabonta aro a hannun wani maƙwabci. Inna ta ce duk bayan shekara biyu ko uku, in ruwan farko ya sauka ƙasa ta yi laushi, Baba yakan tone gindin gambar iyaka ya dasa ta gaba da kuyya ɗaya. Mai aron bai ce komai ba, ba gonarsa ba ce. Sau bakwai aka yi haka.

Tana faɗa sai na tuna. Ina saurayi na sha riƙe masa fartanya muna wannan dashen. Yakan ce mini gamba in ta tsufa a wuri ɗaya ba ta yin kyau.

Shekara goma sha ɗaya kafin wannan ciwo, Gwaggo ta zo suna gidanmu, ta taka har gona, ta ga kanya ta koma tsakiyar gonar wanta. Ta dawo ta faɗa a gaban mutane. Baba ya ce mace me ta sani game da iyakar gona. Ta ɗaure kayanta tun kafin a raba naman suna, ta ce ba ta ƙara taka gidan nan, su haɗu a gaban Allah. Ni a lokacin an ce mini faɗan 'yan'uwa ne kawai.

Inna ta matse zanen ta ce, "Ka yi karatu, ka san abin da malamai ka hwaɗi ga wanda yac ci ko taƙi guda na ƙasar wani. Shi ma ya sani. Shi ka hana mai kwana."

Na sani. Kuma na san abin da ya kamata: in je Bukkuyum in zo da Gwaggo, a mayar da gamba bakin kanya tun Baba yana da rai, ya nemi gafara da sauran bakin da ya rage masa. Ranar na rubuta a ƙasan shafi, "Gobe in Allah ya so za ni Bukkuyum."

Ban je ba. Ruwa ne ya ɗauke.

Bayan ƙaramar salla aka yi kwana da kwanaki ba ɗigo. Hadari yakan haɗu baƙi ƙirin ta wajen Anka, a ji ƙamshin ƙasa, mata su kwashe shanya, sai iska ta taso ta kore shi. Aka fita roƙon ruwa sau biyu. Gulbi bai cika ba, balle ya hau fadama, masu shinkafa suka zuba ido. Geron gonar tudu ya naɗe ganye, ya tsaya iya gwiwa. A gonar kwari ma na sama ya fara ja. Wuri ɗaya ne ya tsaya kore shar yana fitar da kai: daga kanya zuwa gangare, inda laima take kwanciya. Kuyya bakwai ɗin nan.

Mu tara ne muke ci a tukunya ɗaya. Nakan tsaya gindin kanya in dubi geron nan in dubi na sama, in ce a raina, a bari a yi girbi tukuna. Haƙƙin da ya yi shekara ashirin yana jira ba zai gaza jiran wata biyu ba. Ban faɗa wa kowa wannan ba, ban kuma rubuta shi ba. Abin da na yi, na daina karanta wa Baba zancen gonar kwari. In na zo wurin sai in tsallake. Ya gane. Da na rufe littafi sai ya kafe ni da idon nan nasa mai lafiya, ba ya ƙiftawa, har in tashi in ba shi baya ina gyara abin da bai lalace ba.

Kowace la'asar kuma hannuna yakan rubuta layin nan a ƙasan shafi, don in na rubuta sai in ji kamar na yi rabin tafiyar.

Ran da aka sa mana mu koma asibiti ban ɗauki Baba ba, jikinsa ba zai jure girgizar amalanke ba. Ni kaɗai na je da littafi. Malamin ya ce in karanto masa daga inda muka tsaya. Na fara. Kunu ludayi biyar. An juya shi sau huɗu. Ba ruwa. Kunu huɗu. Gyambo ya buɗe a ƙugu. Ba ruwa. Da yake ina sauri ban tsallake komai ba, har layin ƙasan shafi nake karantawa. Kunu huɗu. Gobe za ni Bukkuyum. Kunu uku, ya dawo da rabi. Gobe za ni Bukkuyum.

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. "Malam, wa ke Bukkuyum?"

Na ce, "Ƙanwarsa."

"Goben nan sau nawa ka karanta ta yanzu?"

Na rufe littafin.

Ya ce, "Ni dai abin da kunnena ya ji, daga shida ya sauko uku. Kai da kake ganinsa kullum ba za ka lura ba, amma takardarka ta lura. In akwai wanda ya kamata ya gan shi, kada a jira kaka."

A inuwar katangar asibitin na zauna na ƙidaya. Sau ashirin da uku na rubuta goben nan, kowacce da sunan Allah a jikinta, a littafin da na ce ba zan sa bisimilla ba don ladabi. Ban koma gida ba. Na ba wani ɗan garinmu saƙo ya gaya wa Inna, na shiga akori-kurar da za ta Bukkuyum.

Hanya duk abu ɗaya ake gani: dawa ta bushe a tsaye, ƙasusuwan shanu a gefen titi, Fulani suna tafe da sanda a kafaɗa ba komai a gabansu. Daga Bukkuyum na taka da ƙafa, na isa ƙauyen da la'asar sakaliya. Na tarar da Gwaggo tana tsince wake a faifai. Ta tsufa, amma bakin yana nan.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa.

"A'a, malamin gidan Yaya! Hala ya mutu?"

"Yana nan da rai, Gwaggo. Amma jiki ya yi nauyi."

"To mi ya kawo ka? Ko gonar ta ƙare kun zo ku tone gambar gidan mijina?"

Na ciro littafin daga aljihu. Ta ce, "Mi a wannan? Takardar alƙali?" Na ce a'a, jinyar Baba ce da aikin gona nake rubutawa kullum. Na shiga karanta mata, ina zaɓen wuraren da nake zaton za su karya mata zuciya, gyambon, da kunun da yake dawowa da shi. Hannunta bai daina tsintar wake ba.

Ta ce, "Kowa na ciwo, ɗana. Ni ma ga gwiwa. In kuka kaz zo nema, na yi nawa tun shekarar sunan nan."

Sai na buɗe shafin ranar huɗa na karanta mata shi duka, har inda na ƙara a ƙasa cewa Baba ya bugi tabarma ya ce arba'in sau biyu, ya ƙi kunu. Nan ta ajiye faifan.

"Sake karanta man. Nawa kar rubuta?"

"Arba'in da bakwai."

"Shi yac ce nawa?"

"Arba'in."

"Da bakinai?"

"Da bakinsa, Gwaggo."

Sannan ta ce, "Yaushe anka yi wanga?" Ba yadda zan yi, littafin yana hannuna a buɗe. Na gaya mata. Ta ƙidaya da yatsu, ta dube ni, na sunkuyar da kai.

"Geron ya yi kyau ke nan," in ji ta. "Ɗan Yaya dai ɗan Yaya."

Da safe muka kamo hanya. Da muka sauka mota na nufi gida, ta ce ba nan ba. Ta yi rantsuwa ba ta shiga gidan nan kanya tana cikin gonarmu, saboda haka gona za mu fara zuwa. Na ari fartanya a gidan farko. Ta zauna a gindin kanya ta miƙe ƙafar mai ciwo, ni kuma na shiga tonon gamba. Ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, ba lokacin dashe ba ne, sai da na riƙa ɗebo ruwa a wani kududdufi da ya rage ina zubawa a ramukan. Gindi goma sha huɗu na tone na jera daidai da kanya. Mutane biyu da ke wucewa suka tsaya suna kallo, ta kira su ta ce su matso su gani da kyau, ba ɓoye ake yi ba. Ina aikin zangarniyar geron tana shafar fuskata, ta fara cika tana nauyi, saura 'yan makonni a yanka.

Rana ta take muka shiga gida. Inna ta fito da gudu ta riƙe ta, suka yi ta gaisuwa ba mai duban idon wata. Baba yana gindin darbejiya, ya rame har tabarmar ta fi shi faɗi nesa. Gwaggo ta tsaya a kansa. Sannan ta zauna daidai fuskarsa.

"Yaya, ka gane ni?"

Ya lumshe ido ya buɗe.

"Kai da kac ce mace ba ta san iyaka ba. To na zo in tambayi namiji. Gonar kwari kuyya nawa ta?"

Muka jira. Maƙogwaronsa ya yi ta motsi, yawu ya zubo, Inna ta kai hannu za ta share, Gwaggo ta riƙe hannun. Na ji tsoro ya kama ni, kada kwana ashirin da ukun da na ci su zama sun tafi da kalmar.

"Ar... ba'in."

"Bakwai ɗin fa?"

Ya ɗaga hannun hagu da kyar, ya nuna ta. Sannan ya juya tafin hannun sama ya bar shi a buɗe kan tabarma.

Gwaggo ta dubi hannun. Ta ce, "An maida gamba, na gani da idona. Hatsin da kunka ci shekara da shekaru, kai da ɗiyanka da jikokinka, na yahe, duniya da lahira. Maganar da kag gaya man gaban mutane, ita ma na yahe." Ta sa hannunta cikin nasa. Sai ta juyo gare ni. "Amma na bana nawa na. Kai malam, kai za ka yanke shi ka ɗaure, ka kai man har gida. Zangarniya guda kada ta ɓace."

Na ce, "To, Gwaggo."

Haka kuwa aka yi daga baya, kuma mun sha wuyar shekarar nan, har ganyen tafasa ya zama abinci a gidanmu. Baba bai kai ga ganin wannan ba, kwana tara ya ƙara, Allah ya jiƙansa.

Amma a ranar, Gwaggo ta karɓi ƙwaryar kunu daga hannun Inna, ta ɗanɗana, ta ce tsamiya ta yi kaɗan, shi ya sa ba ya sha. Ta tallafo kansa da kanta ta kai masa ludayi. Da la'asar na ɗauko littafi, ta ce in rubuta in karanta da ƙarfi ta ji, kada in yi mata irin ta gamba. Na rubuta, na karanta musu su uku:

"Laraba. Gwaggo ta zo. Kunu ludayi uku, bai dawo da shi ba. Ba ruwa. Gonar kwari, kuyya arba'in."

Baba bai bugi tabarma ba.